Gishirin Na-Kotu

A duk layin tasha babu wanda bai san Na-Kotu ba. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. A da can ya yi aiki a kotu, kuma in ka biye wa bakinsa sai ka rantse shi ne yake raɗa wa alƙali hukunci a kunne. Gaskiyar magana, aikinsa bai wuce ya buɗe ƙofa ya daka tsawa kowa ya miƙe in alƙali zai shigo ba. Da aka sallame shi sai ya taho da muryar, da wata baƙar kwat da ta koɗe a kafaɗa, ya kafa zama a bencin ƙofar shagon abincin yayarsa. A nan yake raba wa direbobi shawarar doka kyauta, su kuwa suna saurara don ba su da wurin zuwa kafin motarsu ta cika.

"Ni doka a jinina take," in ji shi, yana dukan ƙirji. "Ko tari na yi, sashe ne ke fitowa."

Shagon Yaya ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. Tebura biyu ne masu shimfiɗar leda, murhu a baya, sai wani ɗan sito da ba ya rufuwa sai an sa masa gwiwa. Tun rasuwar mijinta da wannan shago take ci da 'ya'yanta, da shi take biyan haya da makaranta, da shi kuma take riƙe da wannan ƙato mai kwat, wanda har yau Auta take ce masa.

Ana nan sai aka kafa doka cewa duk mai sayar wa jama'a abinci dole ya yi girki da gishiri mai aidin. Wata safiya sai ga duba-gari ta shigo shagon, wata siririyar mata mai tabarau da jaka a hammata. Ta gaida Yaya cikin ladabi, ta ce a ɗebo mata gishirin da ake girki da shi. Ta zuba a faranti, ta ɗiga masa wani ruwa daga 'yar kwalba, ta jira. Gishiri ya yi zamansa fari fat kamar ba da shi ake ba.

"Mama, wannan ba shi da komai," in ji ta. "Da mai aidin ne, da yanzu ya juye shuɗi-shuɗi. Rashin wannan sinadarin ne ke kawo maƙoƙo, shi ke sa yara su tashi da nauyin kai a makaranta. Yau gargaɗi ne. Zan dawo mako mai zuwa. In na tarar da na leda mai hatimi, in manna miki shaida a ƙofa. In ban tarar ba, kwaɗo zan sa wa shagon."

Na-Kotu ya miƙe ya gyara kwat. "Abokiyar aiki, a ƙarƙashin wane sashe?"

Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi Yaya. "Wannan fa?"

"Ƙanena ne. Rabu da shi, haka yake."

Duba-gari na fita Yaya ta juyo kansa. Dalili kuwa, gishirin nan shi ya jawo shi. Bara ne wata babbar mota ta lalace a bakin tasha ɗauke da ɗanyen gishiri, Na-Kotu ya hure wa Yaya kunne cewa arha ce ta faɗo daga sama, har ta saya buhu-buhu aka cika sito. Ya ce jikokinta ma da shi za su yi girki.

"To ga jikoki nan sun zo da tabarau," in ji Yaya. Ta kwance bakin zane ta miƙa masa kuɗi. "Ungo. Ka je kanti ka sayo na leda mai hatimi. Wancan kuma ka nemi masu shanu su kwashe, ko kyauta ne. Auta, aike ne na yi maka, ban ce ka yi tunani ba."

Abin da ta hana kuwa shi ya yi. Bai kai kanti ba tunani ya kama shi a hanya, har ya tsaya cak a tsakiyar titi wani mai keke ya kusa kwashe shi. Doka ta ce gishiri ya kasance da aidin. Ta ce wa zai zuba? Ba ta ce ba. Ta ce a ina za a zuba? Ba ta ce ba. To mene ne kamfani zai yi wanda shi Na-Kotu ba zai iya ba? Ga gishiri cike da sito, ga aidin cike da kemis. In ya haɗa su ya ceci jarin Yaya, sannan duk masu abincin layin nan a wurinsa za su riƙa saye. Kafin ya kai kwana har ya ga kansa a ofis mai labule, ana ce masa shugaban kamfani, duba-gari na jira a waje sai an ba ta izinin shiga.

Ya faɗa kemis ya ce a ba shi aidin.

"Kwalba ɗaya?" in ji mai kemis.

"Duk wanda ke shagon."

Mai kemis ya zaro ido. "Haɗari aka yi a tasha?"

"Haɗari za a hana. Gishiri zan gyara wa al'umma."

"Kai, malam, rufa wa kanka asiri. Wannan na shafawa a ciwo ne, ba a kai shi baki. Na gishiri daban ne, da inji ake fesa shi, ɗan mitsitsi, ko gani ba ka yi."

"Ka ji inda ake cutar talaka," in ji Na-Kotu, yana juyawa ga mutanen da ke jiran magani. "Ɗan mitsitsi! Wato rowa suke yi mana. Ni nawa da ido za a gan shi. Kai aikinka sayarwa, fassarar doka ka bar wa masu ita."

Mai kemis ya ƙara faɗin gaskiya sau ɗaya don fita hakki, sannan ya share kanta tas ya zuba masa a kwali. Nasiha ta tsaya a nan, ciniki kuma ya faɗa.

Na-Kotu a gidan haya yake, ɗakinsa na kallon na tela, mai wanki da guga na daga kusurwa, kafinta kuma na aikinsa a zaure. Ya jido buhu biyu daga sito da sunan zai kai wa masu shanu, ya ari babban bahon mai wanki, ya juye gishiri, ya shiga tsiyaya kwalabe yana juyawa da shebur. Gishiri ya koma ruwan ƙasa kamar yashin gini. Hannayensa suka rine har gwiwa. Wani wari ya tashi ya cika gidan, ya tsallaka katanga.

Ba a jima ba sai ga matan maƙwabta suna sallama ɗaya bayan ɗaya, fuska a jimame.

"Sannunku, sannunku. Wa ya ji ciwo?"

"Babu wanda ya ji ciwo," in ji matar tela, tana toshe hanci da gefen mayafi. "Ga mai ciwon can, amma nasa a kai yake."

"Wari ne kamar ɗakin ɗinki na asibiti," in ji wata tsohuwa.

"To lafiya warin me kike so ta yi, Inna?" in ji Na-Kotu. "Turare? Ku shaƙa, kyauta ne yau. Gobe sai da kuɗi."

Ya shimfiɗa buhunan wofi a tsakar gida ya baza gishirin ya sha rana. Akwai wata akuya a gidan wadda ba ta barin kwali, ba ta barin sabulu, ta taɓa cinye aljihun wandon tela a kan igiya. Ta taho da sauri ganin abu a baje, ta kai hanci, ta yi atishawa sau biyu, ta juya ta koma gindin katanga ta ba shi baya.

Tela ya leƙo ta taga, allura a baki. "Na-Kotu, shaidar farko ta ƙi rantsuwa."

"Dabba ce. Doka don mutane aka yi ta."

Washegari da hantsi kafinta ya yanke yatsa da kurfi. Ya ruga kemis jini na ɗiga, mai kemis ya ce aidin ya ƙare kaf, ya je wurin maƙwabcinsa da ya kwashe. Kafinta ya dawo yana riƙe da yatsa, ya ce don Allah ko ragowar kwalba ce a taimaka masa.

"Kwalba? Ai mun wuce zamanin kwalba," in ji Na-Kotu. "Kawo hannun."

Kafin kafinta ya gane abin da ake ciki, Na-Kotu ya damƙo gishirin nan ya danna masa a kan yankan. Ƙarar da kafinta ya yi sai da tattabarun unguwa suka tashi. Ya yi tsalle ya bugi randa, ya zagaya tsakar gida yana yarfe hannu, yana ambaton kakannin Na-Kotu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba a haifa ba.

"Ka ji ko?" in ji Na-Kotu, yana kallon jama'a baki har kunne. "Wannan shi ne inganci. Na kamfani ko gezau ba za ka yi ba."

Sai da tela da wasu mutum biyu suka riƙe kafinta, don ya riga ya ɗauko guduma da hannun mai lafiya.

Ba a gama da wannan ba sai ga mai wanki ya fito yana salati. Na-Kotu ya mayar masa da baho bai ko ɗauraye ba, shi kuma ya dama sitacinsa da tafasasshen ruwa a ciki, ya tsoma fararen rigunan ma'aikatan wani otal, ya shanya. Da zafinsu farare ne. Suna shan iska sai suka fara fitar da dabbare-dabbare, shuɗi mai duhu, kamar wani ya juye musu bula da gangan.

"Me ka zuba mini a baho?" in ji mai wanki. "Ka san kayan wa ye waɗannan?"

Na-Kotu ya zagaya igiyar shanya hannu a baya, yana nazarin riguna. "Da ka tsoma su, farare ne?"

"Farare ne."

"A hannun wa suka canza?"

"A kan igiya."

"To ka kai ƙarar igiya. Babu shaida, babu hujja, an kori ƙara."

Duk mai hankali da ya ga rigunan nan zai tsaya ya tambayi kansa, ya gane cewa in aidin ya haɗu da abu mai sitaci, yana hucewa shuɗi yake komawa. Na-Kotu bai tsaya ba. Abin da ya fahimta kawai shi ne maƙwabtansa sun fara hassada, kuma hassada alama ce ta cewa kamfani ya kama hanya.

Labari ya riga shi isa wurin Yaya. Da ya shigo shago da kwano cike da gishirinsa, ya tarar da ita tsaye riƙe da ludayi. Ta shinshina kwanon, ta ture shi da bayan hannu, ta yi masa wankin babban bargo a gaban direbobi. Ta fara daga ranar da ya karya mata tulu yana yaro, ta biyo ta kan motar gishiri, ta sauka a kan yatsan kafinta. Sannan ta yafa mayafi ta tafi kanti da ƙafarta, ta sayo na leda mai hatimi da kuɗin cefanen gobe, ta ajiye shi a kan kanta inda kowa zai gani.

"Daga yau iyakarka bencin nan," in ji ta. "In na ga ƙafarka a bayan murhu, da ita zan hura wuta."

"Yaya, tarihi zai..."

"Tarihi ya zauna a benci shi ma."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ba faɗan ba, don ya saba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a ce duba-gari ta zo ta yaba wa kamfanin da ko sunan Yaya bai sani ba, shi kuma da ya rine hannu har gwiwa a bar shi a benci kamar fasinja. Ya yanke shawara cewa Yaya ba ta san abin da zai amfane ta ba, kuma aikin ɗan'uwa ne ya taimake ta ko ba ta so.

Ya bi layi yana gayyata. Ya gaya wa direbobi da kwandastoci da masu faci cewa ranar dawowar duba-gari akwai buɗe kamfani, akwai abinci kyauta. Ya gayyaci tela da kafinta da mai wanki don su zo su ji kunya. Ya aro fanka mai tsaye daga wurin mai aski, ya ja waya ya kafa ta a rumfa domin manyan baƙi. Yaya ta ga jama'a na taruwa tun hantsi ta ɗauka albarkar kasuwa ce, har ta ƙara shinkafa a babbar tukunya.

Shinkafa ta nuna ke nan tana tururi sai ga duba-gari ta iso. Yaya ta goge hannu ta fita tarbarta. Na-Kotu ya sulale ta bayan rumfa ya shiga inda aka hana shi. Ya zaro gora daga cikin kwat, wadda ya narka gishirinsa a ciki ya ƙara masa ragowar kwalabe don kada a ce ya yi rowa. Ya tuttule ta a tukunya, ya juya da sauri, ya leƙa. Shinkafa tana nan da haskenta, tururi na tashi, ƙamshin albasar miya ya danne sauran. Ya yi murmushi irin na wanda ya ci shari'a.

A gaba kuwa komai ya tafi daidai. Duba-gari ta duba hatimin leda, ta zuba gishirin Yaya a faranti, ta ɗiga ruwanta. Nan take ya juye shuɗi-shuɗi.

"Madalla, Mama. Kin cika sharaɗi."

Yaya ta sauke ajiyar zuciya har kafaɗunta suka sauka. Kwanaki ke nan ba ta yi barcin kirki ba saboda kwaɗon nan. Duba-gari ta ciro takardar shaida daga jaka, ta fara ɓare bayanta za ta manna a ƙofa. Da Allah ya sa Na-Kotu ya yi shiru na ɗan lokacin da za a shafa takarda a jikin katako, da shi ke nan.

"Kooootu!"

Tsawar ta sa wani direba ya miƙe tsaye bai sani ba. Na-Kotu ya fito daga bayan murhu da faranti a kowane hannu, ya shiga jera shinkafa a tebura, yana komawa yana ɗebowa, har ya cika su. Ya ajiye mafi girma a gaban duba-gari, ya ja mata kujera, ya juya fanka ta fuskanci teburin sosai.

"Auta, me kake yi?" in ji Yaya a hankali. "Wa ya ce ka raba mini abinci?"

"Yaya, ki zauna, yau ranarki ce. Jama'a, kada wanda ya taɓa cokali. Ba a cin abinci ana zaman kotu."

Ya hau kan benci ya gyara kwat ya fara. Ya fara da ranar da ya shiga aikin kotu. Ya bi ta kan alƙalan da ya yi aiki da su, da wanda ya taɓa ce masa sannu da aiki. Ya yi bayanin maƙoƙo yana nuna wuyan wani mai faci wanda ƙiba ce kawai ke damunsa. Ya caccaki kamfanoni masu fesa ɗan mitsitsi. Fanka na ta kaɗawa, tururi na ta raguwa a kan farantai. Duba-gari ta dubi agogo, takardar shaida na manne a ɗan yatsanta.

"Malam, a taƙaice," in ji ta.

"Abokiyar aiki, yanzu na shigo gabatarwa."

Wani kwandasta da yunwa ta ci ƙarfinsa ya saci cokali ɗaya ya kai baki. Ya tsaya. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya furzar da ita a ƙasa yana kakari.

"Wayyo! Wallahi kamar na lashi gadon asibiti!"

"A fitar da shi, ya raina kotu," in ji Na-Kotu.

Amma babu wanda ya kalli kwandasta, don kowa farantinsa yake kallo. Daga gefe-gefe, inda iskar fanka ta fi bugawa, shinkafa ta fara yin toka-toka. Toka ta koma shuɗi. Shuɗin ya riƙa cin hanya zuwa tsakiya yana ƙara duhu, faranti bayan faranti, tebur bayan tebur. Na gaban duba-gari, da yake shi ne a bakin fanka, ya riga kowa zama kamar tawada. Rumfa ta yi tsit, ba ka jin komai sai kaɗawar fanka da muryar Na-Kotu, wanda ya ba tebura baya yana yi wa masu wucewa bayanin reshen da zai buɗe a wasu garuruwa.

Mai wanki ne ya fasa shirun. Ya miƙe yana nuna faranti da hannu biyu. "Launin kayana! Wallahi shi ne! Jama'a ku shaida, yau ma igiya ce?"

Kafinta ya ɗaga yatsansa mai ƙunshe da tsumma. "Ku tambaye ni ɗanɗanonsa, ni ta jini na sha!"

"Na-Kotu," in ji tela, "juyo ka ga reshen farko ya buɗe."

Ya juyo. Ya ga tebura. Bakinsa ya tsaya a buɗe a tsakiyar kalma, gumi ya keto masa ta ƙarƙashin kwat. Amma mutum irin Na-Kotu ba ya faɗuwa sau ɗaya, sai ya tashi ya sake faɗuwa da kyau.

"To, alhamdu lillahi!" in ji shi. "Abokiyar aiki, ba shuɗi kike nema ba? Ke sai kin ɗiga ruwa kike samun ɗan kaɗan. Ni nawa da kansa yake fitowa, ba sai an roƙe shi ba. Wannan ya cika doka har ya zarce."

Dariya ta ɓarke har wani direba ya faɗo daga kujera. Duba-gari ba ta yi dariya ba. Ta ja farantin ta shinshina, ta tashi ta shiga bayan murhu, ta fito riƙe da gorar da ya manta a gefen tukunya.

"Maganin ciwo ka zuba a abincin da za a ba mutane?"

"An inganta shi ne bisa ruhin doka."

"Da yaro ya cinye farantin nan, da yanzu muna hanyar asibiti." Ta juya ga jama'a. "Kada wanda ya ci. Wanda ya kai baki ya kurkure, in ya ji wani abu ya tafi asibiti." Sannan ta dubi takardar da ke manne a yatsanta, ta ninke ta biyu ta mayar jaka. Hannun da ya fito daga jakar da kwaɗo ya fito.

Yaya ta dafa tebur. "'Yata, ki dubi girman Allah. Kin ga gishirina da idonki. Ban san ya shiga ba. Da wannan ɗakin nake ciyar da marayu."

"Na gani, Mama, kuma wallahi ban ji daɗi ba," in ji duba-gari, muryarta ta yi ƙasa. "Amma daga tukunyarki ya fito, a teburinki aka ajiye wa jama'a, ga shaidu cike da rumfa. In na rufe ido a nan, gobe ba ni da bakin hana wani. Za a rufe sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe zai zauna?"

Duba-gari ta kau da kai tana jujjuya kwaɗon, kuma kowa a rumfar ya san kwamitin nan ba ya zama da wuri.

Na-Kotu ya diro daga benci ya miƙa hannayensa biyu rinannu. "Ni za a kama! Ni na aikata, ni zan kare kaina. A kai ni gaban alƙali, zan yi magana ta kwana uku!"

"Shagon da sunanka yake?"

"A'a."

"Kai ma'aikaci ne a nan?"

"Ni mai ba da shawara ne kan harkokin doka."

"To ni ban san da kai ba. Shago aka aiko ni. Maganarka ta 'yan sanda ce, in Mama ta ga dama ta kai ka."

Duk aka juya ana kallon Yaya. Kafinta har ya ce shi zai biya kuɗin mota. Yaya ta dubi ƙanenta, tsaye da koɗaɗɗiyar kwat da hannaye a miƙe, yana jira a ba shi ko da ankwa ce ya samu abin ba da labari. Ta girgiza kai kawai ta shiga ta kashe wuta.

Aka sa Na-Kotu ya haƙa rami a bayan tasha ya binne shinkafar, kwandastoci na tsaye a kansa suna yi masa kirari. Da ya dawo ya tarar an ja ƙofa, kwaɗo na lilo, mai aski ya zo ya ɗauke fankarsa. Direbobin da suka yi shekaru suna ci a rumfar nan tuni sun tsallaka titi sun cika bencin wata mai abinci, suna ba ta labari tana dariya tana zuba musu.

Da yamma ya bi bayan Yaya zuwa gida, yana tafe yana shirya jawabi. Ya same ta zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, hannayenta a kan cinya. Bai taɓa ganin hannayen nan a zaune tun da sauran rana ba su da abin yi, kuma ganin ya fi duk dariyar tasha yi masa nauyi. Yaran sun dawo daga makaranta sun yi jugum. A gefe akwai 'yar ƙaramar tukunya da ta dafa musu abin da ya rage a gidan.

Ya tsuguna daga nesa. Ya yi gyaran murya.

"Yaya, na yi nazari. Akwai hanyar ɗaukaka ƙara. In muka duba sashe na..."

Ta jawo tukunyar, ta raba wa yaran, ta kankare sauran a kwano ta tura gabansa. Ya kai loma ɗaya ya ji lami.

"Yaya, babu gishiri."

"Yana shago. Mai hatimi, mai kyau. An kulle shi."

Ya sunkuyar da kai. Can ya sake buɗe baki, don shi bakin nan ba ya jin magana ko ta mai shi.

"Amma dai a doka..."

"Auta," in ji Yaya, ba tare da ta ɗaga murya ba, "ci tun da zafinta. Na ga abin da surutunka yake yi wa abinci."

Ya ci har ya side kwanon, bai ƙara cewa uffan ba.